Sulusin ƙanwata

Shekara uku na yi a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, kafin mahaifinmu ya cire ni ya mai da ni gona. Na fito da karatu kaɗan da lissafi kaɗan. A gidanmu kuwa kaɗan ɗin nan ya isa a riƙa kirana duk lokacin da za a auna wani abu.

Mahaifinmu ya rasu ana saura shekara guda a samu ƴancin kai. Mahaifiyarmu ta riga shi. Mu biyu ya bari, ni da ƙanwata, sai gonar hatsi guda a Gouna. Ƙanwata tana aure a birni, mijinta baduku ne, ido ya fara yi masa rauni, ɗinkin fata ya ragu. Da gonar nan take sa ran ciyar da ƴaƴanta.

Bayan sadakar arba'in muka tafi gonar tare da baffanmu da malamin unguwa. Malam ya ce namiji rabo biyu, mace rabo ɗaya, wato ita sulusi, kashi ɗaya cikin uku. Baffa ya miƙo mini igiyar guga ya ce, "To, ɗan lakwal, yau za mu ga abin da mushe, malamin naku, ya koya maka."

Na auna tsawon gonar, igiya tara. Na auna faɗinta, igiya shida. Na ce a raina, sulusin tara uku ne, sulusin shida biyu. Sai na ja igiya uku a tsawo, biyu a faɗi, daga kusurwar gabas, na kafa itace. Muka dasa gamba a kan iyaka.

Ƙanwata ta tsaya a tsakiyar wurin, da goyo a bayanta, ta duba hagu ta duba dama.

"Yaya, wannan ne sulusin? Ai ko akuyata ba ta ƙoshi a nan."

"Ke kin san lissafi ne?" na ce mata.

Baffa ya yi dariya. Malam ya ce shi nasa faɗar rabo, awo na masu igiya ne. Aka shafa fatiha.

A ranar ban san na yi kuskure ba, wannan zan iya rantsewa a kansa. Da kaka na sani. Ta ɗaure dami bakwai, ni na ɗaure fiye da hamsin. Na zauna a gindin gawo na zana gonar a ƙasa da yatsa, na raba tsawo uku, na raba faɗi uku. Gida tara suka fito. Nata ɗaya ne. Da na bi tsawo kawai na ba ta igiya uku, faɗi kuma gaba ɗaya, da ta samu gida uku. Na daɗe ina kallon zanen, sannan na shafe shi da ƙafa na ci gaba da ɗaurin dami.

Ba hatsin ne ya hana ni magana ba, ko kuwa ba shi kaɗai ba. Na kasa zuwa gaban Baffa in ce ɗan lakwal bai iya awo ba. Na ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ana ta kiɗa a birni an samu ƴanci, na ce bari a natsu. Kowace kaka ina aika mata dami biyu ko uku, tana aiko da godiya, ina karɓa.

Idon mijinta ya rufe gaba ɗaya. Ta shiga dakau a gidajen mutane. Daga baya suka koma Zermu wurin danginsa, ta bar wa wani maƙwabci ƴar gonar yana nomawa.

Sai da gashina ya yi fari na je Zermu na same ta. Tana zaune tana tsintar wake a faifai. Na zana mata gidajen tara a ƙasa, na yi ta bayani. Ba ta dubi zanen ba.

"Yaya, ai na sani tun ranar. Lissafi ne ban sani ba, amma ina da ido."

Na ce a sake awo, ta karɓi haƙƙinta.

"In noma da wane ƙarfi? Yaran da zan ciyar sun girma, biyu kuma ƙasa ta rufe su."

Ta sa aka kawo mini fura. Na sha. Na jira ta ce ta yafe, ko ta ce ba ta yafe ba. Ta tambaye ni lafiyar iyali, da ko ruwa ya sauka a wajenmu. Da la'asar na kama hanya.

Ta rasu a bazarar da ta biyo. Na aika wa babban ɗanta a Kano cewa yana da gona a Gouna, ya zo a auna masa. Ya aiko cewa ya gode, in ci gaba da riƙewa. Har yau tana hannuna.