Gidan da ba a barin takalmi a ƙofa

Ana idar da sallar asuba muka bar Wamakko, ni da yayana. Inna ce ta haɗa mu, domin ba sau ɗaya ba ya je har bakin gidan taron masu barin shaye-shaye da ke Runjin Sambo ya juyo. Maganin tari ne ya kama shi, kuma babban tsoronsa a gan shi a wurin.

Hanya ba laifi, gonakin shinkafa sun yi kore shar. Kuɗin mota ya ƙaru, direba kuwa ya ɗora laifin a kan mai tun kafin kowa ya tambaya. A Sakkwato muka karya da masa mai zafi. Yaya ya tsakuri kaɗan, na taya shi da sauran. Daga nan keke ya riƙa kurɗawa da mu cikin masu babura har wani lungu.

Gidan ƙarami ne, fentinsa ya koɗe. Na cire takalmana na jera su a ƙofa, sai wani dattijo mai kula da wurin ya leƙo.

"Kai ɗan boko, kwashe su! Nan ba a barin takalmi waje."

Kunya ta kama ni, na kwashe su. Dattijon ya yi dariya, ya ba mu labarin gidan. Asali shagon wani tela ne da ƙwaya ta kusa halaka shi. Da ya daina, ya fara tara abokansa a kan tabarma. Sai masu zuwa suka riƙa raguwa. Ashe maƙwabta ne ke wucewa suna duba takalman ƙofa, su gane na wane da na ɗan wane, kafin magariba zance ya karaɗe unguwa. Telan ya kafa katakon ajiye takalma a ciki, ya ce kowa ya shigo da nasa. Bencinan da ake zama a kai yanzu kuwa wani malamin makaranta Kirista ne ya kawo, don ɗansa ma a nan ya samu kansa.

Yaya ya daɗe yana kallon dokin ƙofar, wayam ba takalmi ko ɗaya. Can ya cire silifas ɗinsa, ya saƙale a hammata, ya shige. Na zauna a zaure ina karatu har suka tashi.

Bayan la'asar muka iso gida. Na koyi cewa wani lokaci ba wa'azi mutum yake jira ba, rufin asiri yake nema. Inna ta tare mu da ido. Yaya ya ce, "Inna, ki bar wanga yaro ya yi karatunai. Sati mai zuwa ni kaɗai zan tafi."