Yadda Na Raka Baba Yohanna Jos Ya Kaɗa Ogan

Potiskum zuwa Bauchi

Ina dawowa daga sallar asuba na tarar da Baba Yohanna a ƙofar gidana a unguwar Hausari, ya sha kwat, sanda a hannu. Tsohon malamin makaranta ne, maƙwabcinmu tun ina yaro. Shagon ɗinkina yana jikin ɗakinsa, kullum ina jin sa yana maimaita wani kiɗa a ɗan kibod ɗinsa. Ya ce wani Baturen Ingila ne ya tsara shi fiye da shekara ɗari da suka wuce, mutumin da ko a ƙasarsu ba kowa ya san shi ba. Don ogan aka yi shi, wato ƙaton abin kiɗan coci mai bututai da iska ke busawa. Rabon Baba da taɓa irinsa tun yana ɗalibi a Jos. Yanzu sanyin ƙashi ya fara riƙe masa yatsu, yana so ya je can ya kaɗa kiɗan a ogan kafin su ƙi gaba ɗaya. Na ce zan raka shi.

Adaidaita ta kai mu tasha, muka sami bas ta kusa cika. A shingen da ke kusa da Darazo wani soja ya leƙo.

"Baba, asibiti za a kai ka?"

"A'a, ɗana, kiɗa za ni."

Motar duka aka yi dariya, har sojan. A Bauchi muka ci masa da zafinta, muka sake mota.

Jos

Da la'asar muka shiga, sanyi ya tarye mu tun daga Toro. A gidan Rifkatu, 'yar ƙanen Baba, muka sauka. Kafin in tambaya ta kawo mini buta da darduma, ta nuna mini gabas. Gwaten acca ta yi mana, har na nemi ƙari.

Washegari da hantsi Malam Bitrus, mai kula da tsohon cocin da ogan ɗin yake, ya buɗe mana, ni da Baba da Rifkatu. Bututan nan sun kusa taɓa rufi. Baba ya cire takalmi, don har da ƙafa ake kaɗawa. Yana zama aka ɗauke wuta, injin iskar ya tsaya. Ya zuba wa hannayensa ido.

Malam Bitrus ya ce, "Akwai sandar zugawa a baya, da can da hannu ake ba shi iska. Sai dai ni ƙuguna ba zai iya ba."

Na tuɓe babbar riga na ce, "Nuna mini."

Na kama zuga kamar a maƙera. Kiɗan ya fara can ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar mutum yana magana shi kaɗai. Sannan muryoyi suka yi ta shigowa, wata kan wata, har katakon da nake tsaye a kai ya ɗauki rawa, na ji abin cikin ƙirjina. Shekaru ina jin kiɗan nan ta bango, ashe ban taɓa jin sa ba. A tsakiya yatsa ya ƙwace wa Baba. Ya tsaya, ya murza hannu, ya ɗaga murya:

"Audu, kar ka saki!"

Ban saki ba. Ya ɗora daga inda ya tsaya, ya kai shi har ƙarshe. Na fito sharkaf da gumi, na same shi yana dariya, Rifkatu tana share ido da bakin mayafi.

Dawowa

Muka juyo washegari da sassafe. Yatsunsa sun kumbura, ni na riƙa ɓare masa ayaba a hanya. Na ce, "Baba, ka wahalar da su." Ya juya su yana dubawa, ya ce, "Bar su, sun gama aikinsu."

Ana kiran magariba muka shigo Potiskum. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Rifkatu da Malam Bitrus. Kafaɗuna kuwa sai da suka hana ni taɓa almakashi har Juma'a.