Ɗakin Hajiya Kaltume a Saman Bene

Har yau ban manta da ranar Lahadin da aka tura ni awo a unguwar Ard al-Liwa, a birnin Larabawan da nake zaune ba. Lokacin wata uku ke nan da na fara aiki a wani ƙaramin kamfanin sola, bayan na gama karatu. Hukumar birni ta fito da shirin ɗora farantan sola a saman benaye, don fitilun matakala da famfon tura ruwa su daina mutuwa idan an ɗauke wuta. Aikina shi ne in hau, in auna, in cike takarda. Tambayar farko a takardar: saman benen fili ne, ko akwai wani abu a kai?

Na hau hawa bakwai ina haki, na tarar da ɗaki na langa-langa, da akurkin tattabaru, da wata tsohuwa tana tsince shinkafa a faifai. Na yi mata sallama da Larabci. Ta ƙare mini kallo, ta ce da Hausa, "Kai ɗan wane gari ne?"

Sunanta Hajiya Kaltume, Bahausar Sudan ce da yaƙi ya koro. Da ta ga tef ɗin awo a hannuna sai ta ajiye faifan. "Ɗana, tashina za a yi?"

Na dubi takardar. In na rubuta fili ne, ranar aiki za a rushe ɗakin. In na rubuta akwai mutum, za a cire benen daga shirin, masu gida su ce ita ta jawo, su kore ta. Na sauko ban rubuta komai ba.

A ofis, injiniyarmu, Madam Huda, ta juya takardar ta ce, "Ya Sani, awo na aike ka ko ziyara?" Na faɗa mata abin da na gani. Ta ɗauki jakarta. "Yalla, mu je ka nuna mini."

Ta hau benen nan duk da ciwon gwiwarta. Ta sha shayin Hajiya, ta zagaya, sannan ta ce a ɗaga farantan kan ƙarfe sama da ɗakin. Sai da aka sake zane, aka koma hukuma neman amincewa, aikin ya makara sati biyar. Ni na sha faɗan manaja. Akurkin kuma bai tsira ba, sai da aka rage shi. Hajiya ta rabar da rabin tattabarunta tana hawaye, ina riƙe mata kwando. Amma ɗakin yana nan, ya ma samu inuwa.

A aikin nan an koya mana lissafin rana da inuwa, ba a koya mana cewa wanda ya fi kowa talauci a bene shi ke kwana kusa da rana ba. Shi ya sa nake ce wa sababbin ma'aikatanmu: in kun hau, ku zauna ku gaisa tukuna. Awon ba zai gudu ba.