Buhu a Baya, Ciki a Gaba

Majanyin da ta goya buhun albasa da shi ya kwance a tsakiyar kasuwarmu ta Magelang, albasa ta watse. Ban santa ba, na dai ji ana kiranta Tukiyem. 'Yar dako ce, wato mai ɗaukar kaya a baya don kuɗi, ga tsohon ciki. Tana son sunkuyawa, cikin ya hana, ga yara uku riƙe da zaninta.

Bakina ba ya shiru. Na ce, "Yaya, gidanku ba a hutawa ne? Ga asibiti can, in kin haihu ana sa ashanar tsarin iyali a dantse."

Ta dube ni tana haki. "An ce wadda aka sa wa ba ta ƙara ɗaukar nauyi. In daina dako mu ci me? Tunda kin damu, wanne za ki karɓa, na bayan ko na gaban?"