Yadda Na Kai Inna Kwanan Tanti a Bakin Tafki

Saint-Denis

Da asubar fari muka bar gida, ni da mahaifiyata, Inna, wadda ta zo mini ziyara nan Faransa daga Maradi. Na ce mata hutu za mu je. Tana tsaye tana kallona ina loda katifu, bargo, tukunya da 'yar butar gas a bayan mota, ina sanɗa don kada maƙwabta su farka. Sai jan carbi take yi.

Villeurbanne

Wajen azahar muka iso Villeurbanne, a gefen birnin Lyon, bayan tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai. Muka ɗauki ƙanwata Rabi a ɗakinta na jami'a. Da Rabi ta fito rungume da matashin kai, Inna ta ce, "Har da ke?"

"Har da ni, Inna."

Inna ta ce, "Allah ya kyauta."

Bakin tafki

Da la'asar muka shiga dajin gwamnati, inda masu hutu ke kwana a tanti. Wurin tsaf yake: ga famfo, ga banɗaki, ga murhun gasa nama, ruwan tafkin kuwa kamar madubi. Wata Baturiya mai kula da wurin ta ba mu lambar filinmu, muka kafa tanti. Inna ta zagaya tana duban Turawa, wasu da gajeren wando kawai, suna dafa taliya a ƙasa.

Ta ja ni gefe, idonta ya ciko. "Sani, faɗa mini gaskiya. Kuɗin hayar wata nawa mai gidan yake bin ka?"

Ta kwance bakin zane ta fiddo 'yan kunnenta na zinariya. "Sayar da waɗannan. Ba zan faɗa wa kowa a Maradi ba."

Rabi ta yi dariya har da zama a ƙasa. Na rantse wa Inna cewa gidana yana nan, kuma nan ma biya muka yi.

"Biya? Don ka kwana a ƙasa?" Ta girgiza kai. "Tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba."

Washegari na dawo daga wanka na tarar ta rabar da kilishinmu kaf, tanti-tanti, tana ce musu, "Sadaka ce." Su kuwa sai "merci" suke yi, wato godiya. Wani tsoho, wanda daga baya muka ji likita ne, har zani ta ba shi ya rufe jikinsa.

Komawa

Kwana uku muka yi. Da muka iso Saint-Denis lafiya, alhamdu lillahi, Inna ta karɓi makulli ta buɗe ƙofar da hannunta, ta leƙa kowane ɗaki. Sannan ta kira ƙanwarta a waya.

"Yaran dai suna da gida, mun gode Allah. Amma akwai wasu bayin Allah a bakin ruwa, gari guda, ko riga ba su da ita. Ku sa su a addu'a."