Inna Mai Ludayi da Farantin da Ba Ɓawon Ƙwai

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makarantarmu da safe, hayaƙi ya riga ya tashi a kicin ɗin da ke bayan aji shida. Inna Mai Ludayi ce a ciki. Ta jiƙa wake tun jiya, ta ɗora manyan tukwanenta biyu, ta zauna a kan 'yar kujerarta mai ƙafa ɗaya gajera tana yanka ganye a tire. Yara ɗari uku da 'yan kai take ciyarwa kullum, shekara ashirin da bakwai ke nan, kuma ban taɓa ganinta da sikeli ba. In ka tambaye ta yadda take aunawa sai ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce sun gaji. Shi ya sa na ɗauki biro tun tana iya jin abin da zan faɗa, don ni ban yarda da yabon da ake ajiyewa sai mutum ya kau ba.

Ƙarfe goma ake kaɗa ƙararrawa, yara su yi layi, ita kuma ta tsaya da ludayi tana zubawa tana kallon fuska. Amma ba rabon ne ya sa nake rubutu a kanta ba, rabo kowa ya iya. Abin da take yi bayan an gama ci shi ne nata ita kaɗai. Takan je bakin bahon wanke-wanke ta tsaya, kowane yaro kuma sai ya miƙa mata farantinsa hannu da hannu. Matan biyu da ke taimaka mata ba su isa su tsoma faranti a ruwa ba sai ta duba shi. Wanda ya lashe nasa tas ranar Litinin har yana sheƙi, ta san abin da ya faru a gidansu Asabar da Lahadi, washegari ludayinta zai ɗan ƙara nutsewa in an zo kansa. Wanda ya tsince ganye ya tara a gefe, zai sha tsiya. "Kai, akuyar gidanku ta fi ka wayo," haka take ce musu, "ita ta san abin da ke gyara jiki."

Ranar Laraba ake ba da ƙwai, kowane yaro ɗaya. Inna ba ta taɓa ɓare musu ba, da ɓawonsa take sa wa kowa a faranti. Mu malamai mun yi ƙorafi har mun gaji, don ɓawo yana ɓata mana baranda, yara kuma suna ɓata lokaci wurin ɓarewa. Ni ce kan gaba a masu ƙorafin. Ni ce malamar aji uku, kuma in faɗi gaskiya, an san ni da faɗa. Akwai sunan da yara ke kirana da shi a bayan ido, na san shi, ba zan rubuta shi a nan ba.

Shekara biyar da suka wuce akwai wata yarinya a ajina da 'yan'uwanta ɗalibai ke kira Shiru-shiru, don in ba ka kira ta ba ba za ka ji muryarta ba har a tashi. Wata Laraba bayan cin abinci na ce kowa ya fito da littafin lissafi. Ta buɗe jaka, sai ga ƙwai ya murƙushe a ciki, gwaiduwa ta dame shafukan littafin kaca-kaca. Dokar makaranta kuwa a bango take, ba a fita da abinci daga wurin ci. Ban tsaya tambaya ba. Na ɗauka na wani ta ɗauke bayan ta cinye nata. Na tsayar da ita gaban allo, na ɗaga jakar kowa ya gani, na kira ta mai haɗama. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ƙwan kawai take kallo, tana ƙoƙarin tattara shi da yatsa.

Muryata ba ta ɓuya, har kicin aka ji. Sai ga Inna a bakin ƙofa tana goge hannu da zane.

"Malama, ara mini yarinyar nan, ki ara mini kanki kuma na minti biyu."

Da muka fita baranda ta ce, a hankali, yadda yara ba za su ji ba, "Ba na kowa ta ɗauka ba, nata ne. Laraba uku ke nan farantinta na dawo mini ba ɓawo ko ƙwalli. Kin zaci don ƙiwa nake ba su ƙwai da ɓawonsa? Farantin da ya dawo da ɓawo, ƙwan ya shiga ciki. Wanda ya dawo fes, ƙwan ya shiga aljihu. Yaro kuwa ba ya hana bakinsa ƙwai sai in akwai bakin da ya fi tausayi a gida. Ina lallaɓa ta ne ta faɗa mini da kanta, kika zo kika yi mini ɓarin aiki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shekara shida ina share ɓawo ina mita, ashe rajistar Inna nake sharewa.

Ta durƙusa, da gwiwoyin nan nata, ta kama hannun yarinyar. "'Yar jikalle, wa kike kai wa?"

"Auta," in ji Shiru-shiru. "Ba ta son cin komai yanzu. Amma in na ba ta gwaiduwa tana ɗan lasa."

Da aka tashi muka bi ta gida, ni da Inna. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani dogon gida na haya, igiyoyin shanya sun cika tsakar gidan, don uwar wankau take yi. Mijinta na aikin lodi a wani gari mai nisa, sai a yi wata biyu bai leƙo ba. Muka same ta hannu cikin kumfa, Auta na zaune a kan buhu kusa da ita, 'yar shekara ɗaya da rabi. Uwar ta yi mana maraba, ta kawo ruwa. Inna ta tambaye ta abin da yarinyar ke ci tun da aka yaye ta. Ta ce garin masara take dama mata da ɗan sukari, safe da rana da yamma, ba ta taɓa barinta da yunwa ba. Na kuma yarda da ita, don kofin na nan a gefe da cokali a ciki.

"Ai ta ma yi ƙiba, Inna," in ji ta, tana murmushi. "Dubi kumatu, dubi ƙafa. Maƙwabta har tsiya suke yi mini wai me nake ba ta a ɓoye. Rigima ce kawai ta yi mata yawa kwanan nan."

Ni ma da na kalli kumatun sai na ji hankalina ya kwanta. Inna kuwa ta matsa kusa da Auta. Ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya, ta shafa gashin kanta da ya yi ja ya yi laushi, sannan ta sa babban yatsa ta danna bayan ƙafarta, ta ɗan jima, ta ɗage. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Ta danna ɗaya ƙafar, ita ma haka.

"'Yata, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Cikinta na cika, jikinta na yunwa. Ɗauko mayafinki, asibiti za mu yanzu."

Uwar ta tsaya cak. Ta ce ita ba za ta je a yi mata kallon wadda ta kasa ciyar da 'yarta ba. Ta ce ga wankin mutane jibge, gobe da safe za su zo karɓa, in ta saɓa sun bar ta ke nan. Ta ce a bari sai jibi.

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba, idon Inna ya kawo ruwa. Ta ba ni izinin rubuta abin da ta faɗa, in ba haka ba da ban taɓa ba.

"Nawa ma haka ya yi kumatu," ta ce. "Na biyu ne, namiji. Har barka ake yi mini. Ni ma na ce a bari sai jibi, jibin bai same shi ba. Ba wanda ya zo ya danna mini ƙafarsa. Ke ga shi an zo miki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tashi mu tafi. Wanki kuwa, ga Malama nan, tana da ƙarfi, ɗazu har kicin muka ji shaida."

Haka aka yi. Suka tafi, ni kuma na naɗe hannun riga na zauna gaban bahon wasu mutanen da ban sani ba. Shiru-shiru na ɗauraya, ni ina cuɗawa. A nan, hannuna cikin kumfa, na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, Malama, sannan ta nuna mini cewa ban fitar da dattin wuyan rigar ba. Washegari na sake ba ta haƙuri gaban allon da na tsayar da ita, don inda aka yi ɓarna nan ake gyara.

Kwana goma sha biyu Auta ta yi a gadon asibiti. Nas ɗin da ta karɓe su ta gaya wa uwar cewa da an ƙara mako guda, da labarin ya sha bamban. Kullum in Inna ta sauke tukunya sai ta hau mota ta je. Da aka sallame su ba ta ce aikinta ya ƙare ba. Ta zauna da uwar a bakin murhu ta nuna mata yadda za ta ƙara wa garin nan abin da hannunta zai kai: gyaɗa ɗan dunƙule a daka, wake a niƙa, kan busasshen kifi a murje, ganye a dafa a tace, ɗigon mai. Ba ta kawo mata abin da sai mai hali ba.

Sannan ta juyo kanmu. Ta sami hedimasta ta ce tana son kiwon kaji a bayan kicin, ragowar faranti ya ishe su. Ya ce makaranta ce nan ba gona ba. Ta koma washegari. Ta koma jibi. Ran na biyar ya ce, "Inna, ki kawo ko jimina ce, ki bar ni in sha shayi." Da kaji uku ta fara, nata na gida. Yau sun kai ashirin, ga kuma fili ɗan ƙarami na alayyafo da ruwan ɗauraya ke shayarwa. Tun daga lokacin, duk farantin da ya dawo ba ɓawo, sai ta ja mai shi gefe ta tambayi sunan na gida. Ya zauna ya ci nasa a gabanta, sannan ta ba shi na kajinta ya kai. Dokar bango na nan ba a taɓa ta ba, don ƙwan makaranta bai fita ba.

Inna, ke ce kika koya mini cewa ƙoshi daban, abinci daban. Ke ce mai karatun faranti, ba ki riƙe alli ba amma kin karantar da malamai. Ke ce kika mayar da rashinki rigakafin 'ya'yan wasu, ba ki taɓa tsayawa a taro kin faɗa ba. Na yi miki mita shekara shida kina jina kina shiru, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na gode. Uwar Auta ta gode. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya saka miki da abin da ya fi abin da kika zuba mana.

Ku kuma masu karatu, ba kuka nake so ku yi ba, aiki nake so. Malami, in ka ga abinci a jakar ɗalibi, tambaya kafin ka ɗaga murya, kada ka yi irin tawa. Maƙwabciya, in kin ga yaron da aka yaye ya yi kumatu farat ɗaya, gashi ya yi ja, ya daina wasa, ajiye barka ki danna bayan ƙafarsa, in ya lotsa ki raka uwar asibiti a ranar, ba jibi ba. Mai kaza biyu, akwai ɗan maƙwabcin da ƙwai ɗaya a mako zai canza masa tafiya. Ba sai an naɗa ka komai ba.

Larabar da ta wuce ita ce ta ƙarshe ga Inna a bakin baho. Auta tana aji ɗaya yanzu, kuma duk shirun da yayarta ta yi ita ta rama shi, baki kamar rediyo. Ta zo cikin layi ta miƙa farantinta da hannu biyu, ɓawo a tare a gefe, ta ce, "Inna, duba, na cinye har farin." Inna ta duba da kyau kamar yadda take duba na kowa, ta gyaɗa kai, sannan ta juyo ta miƙo mini farantin.

"Malama, me kika gani?"

Na ce, "Ta ci."

"To, kin iya. Laraba mai zuwa wurin nan naki ne."

Na karɓa. Zan tsaya, kuma ba farantin da zai shiga ruwa ban duba shi ba.