Awarwaron Inna

A da, in mutum zai sayi rediyo a Gidan Rumji, abu biyu yake tambaya: batir nawa take ci, kuma tana kamo tashoshin waje? Yanzu yaranmu sun je duniya sun dawo, suna son lasifikan da in ka rufe ido za ka rantse mawaƙin yana cikin ɗaki. Ni kuwa na yi shekaru ina haɗa irin waɗannan kaya a Kano da Abijan da Jidda, na yi ciniki da Faransanci da Larabci da ɗan Yarbanci, shi ya sa har yau ba a sayen na kirki a danginmu sai an kai ni na saurara.

Sallar asuba kawai muka yi muka kama hanya, ni da ɗan ƙanena. Ya gama ginin gidansa, ya daɗe yana tara abin da zai sayi kayan sauti na gaske, kuma an ba shi labarin wuri biyu, Agiye da Gazawa. Abin da bai sani ba, tun kwana uku ban da kwanciyar rai. Kwanan nan nakan ce wa mutane "me ka ce?" fiye da yadda na saba, nakan ɗora laifin a kan matasan yanzu da ke magana cikin hanci.

Ina da ma'aunina da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun ina saurayi na ɗauki muryar Inna, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana waƙa a kan dutsen niƙa, daga baya na sa aka kwafe kaset ɗin a wayata. Can ƙarƙashin muryarta akwai ƙarar awarwaron hannunta, siririya ƙwarai. Lasifika mai kyau yakan fito da ita, na banza ya haɗiye. 'Yar rediyon ɗakina ba ta taɓa fito da ita ba, don haka na daɗe ban neme ta ba.

Mun wuce Tibiri hantsi bai fito ba, muka sauya mota a Maraɗi. Direban ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, da buhun albasa a ƙafafuna. Kwaltar ba laifi, ta fi wasu da na bi a ƙasashen da ke ganin sun fi mu, sai dai amalanken jakai ba su san hannunsu ba. A Cadawa mata suka rufe tagogi da aya. Na taya tiya guda, wato kwanon awo, mai ita ta faɗi kuɗi sau biyu ban kama ba, sai da ta ɗaga yatsu. Ɗan ƙanena ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Mai kayan Agiye tsohon malamin lakol ne, wato makarantar boko, siriri, mai magana a hankali. Ya sayo su lokacin da ya yi karatu a waje, yanzu zai koma wurin 'yarsa, ba wurin ajiye su. Lasifika biyu ne na katako mai nauyi, ba ƙyalli ba fitilu, da amfili, wato akwatin da ke ba sauti ƙarfi. Ɗakin na ƙasa ne, da tabarmi da labule, irin ɗakin da sauti ke so. A Jidda na ga attajirai suna kashe dukiya suna lulluɓe bangon siminti don su samu abin da ɗakin ƙasa ke bayarwa kyauta. Maƙwabtansa uku suka shigo kallo.

Na haɗa wayar, na zauna tsakiya, na rufe ido. Muryar Inna ta fito, dutsen niƙa ya fito. Awarwaro babu. Na maimaita, na matso, babu. Bakina ya riga ni.

"Malam, kayanka sun gaji. Saman sautin ya mutu."

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, jiya ma na saurare su."

"Kunnenka ya saba da su ne," na ce masa, a gaban maƙwabtansa. Ya rako mu har bakin hanya.

Daga Agiye zuwa Gazawa ba nisa, amma na ji tsawon hanyar. Mai kayan can ɗan kasuwa ne mai fara'a, shagonsa tayil da rufin kwano. Lasifikansa sun kai ni tsawo, da fitilu masu canza launi kamar motar amarya, kuɗinsu ya kusa ninka na malamin. Da ya murɗa, sai da kwanon rufi ya amsa, na ji bugun a ƙirjina. Na ji daɗin hakan, don aƙalla ina jin wani abu. Amma awarwaro a nan ma babu. Na ce bari mu ci abinci tukuna, don ban san abin da zan faɗa ba.

Muna shan fura a rumfar wata Bafulatana, mai kauri da nono na gaske, ɗan ƙanena ya ce, "Baba, in tambaye ka mana. Ashe Kaka da awarwaro take niƙa?"

Na ajiye ludayi. "Wa ya faɗa maka?"

"A Agiye na ji su, ƙil-ƙil, kamar tana gefena. A nan ban ji ba, sai gum-gum kawai. Amma tunda ka ce na can sun mutu, na ce ni ne ban iya ji ba."

Bai taɓa ganin hannunta ba, yana goye ta rasu. Ba yadda za a yi ya ƙirƙira. Ashe na kusa sa shi ya zuba kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa a kan fitilu.

Muka koma Agiye da la'asar. Na roƙi malamin ya kira maƙwabtan nan uku, don a gabansu na ɓata kayansa. Na ce musu lasifikan lafiyarsu ƙalau, kunnena ne ya gaji. Malamin ya yi murmushi ya ce shi ma idonsa ya fara yi masa haka, mu haɗu mu zama mutum guda. Aka sake sa waƙar. Ɗan ƙanena ya rufe ido, duk sanda awarwaron ya motsa sai ya ɗaga yatsa, ni ina kallon yatsan. Ya saya bai rage ko dala ba.

Mun iso Gidan Rumji da lasifikan naɗe cikin barguna. Na sa ya shimfiɗa darduma ya rataya labule kafin a kunna, wannan kam har yanzu na sani. Mako mai zuwa zan je Maraɗi a duba kunnen. Amma ko me likita ya ce, na daina yanke wa kayan kowa hukunci da kunnena. Yanzu ni ke faɗin abin da za a saurara, wani ya saurara, kuma awarwaron Inna sun koma hannun jikanta.